Sai-Baɗi, Mawaƙin da Ya Hana Shuka Itace

Haihuwa da karatu

An haifi marigayin da aka fi sani da Sai-Baɗi a shekarar 1941, a wani gari na bakin kogi. Mahaifinsa maƙeri ne, mahaifiyarsa kuwa ungozoma. Ya yi karatu gwargwado, sannan ya koyi gyaran rediyo a wurin kawunsa.

Hijira da sana'a

A shekarar 1969 wata waƙa da ya rubuta ta ɓata wa mahukunta rai, ya tsallake iyaka daga shi sai akwatin kayan aiki. Ya kama shago a bayan tasha, inda ya yi suna da abu biyu: iya gyara, da mayar wa kowa rediyonsa a kan tashar ƙasar da ya baro. A nan ya tsara waƙoƙinsa na begen gida, kowacce da amshi ɗaya, wanda ya zame masa laƙabi:

*Ƙofar gidanmu tana duban kogi,*
*Ku bar ta a buɗe, sai baɗi.*

Aure da iyali

A 1974 ya auri 'yar mai shagon, bisa sharaɗin za ta bi shi gida. Bai yarda a sayi gado mai nauyi ba, kuma ya hana shuka itace a tsakar gida, hujjarsa ita ce baƙo ba ya jiran inuwa. Matar ta ce to, ta shuka a bayan ɗaki. Shekaru ya yi yana rubutu a ƙarƙashin itacen, yana kiransa na maƙwabta.

Ƙarshen rayuwa

An yi afuwa ga 'yan gudun hijira a 2003, a lokacin da shanyewar ɓarin jiki ta riga ta kwantar da shi. Waƙarsa ta ƙarshe ita kaɗai ce ba ta da amshi.

Rasuwa

Ya rasu ranar wata Laraba a 2005, aka binne shi a maƙabartar bayan tasha. Itacen da aka jera a kabarinsa daga bishiyar bayan ɗaki aka saro shi.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: babbansu direba ne, ta tsakiya malamar asibiti, sai auta da ya gaji shagon. Dukkansu sun haddace hanyar gidan daga bakin kogi har zaure, amma babu wanda ya taɓa taka garin. Allah ya jiƙansa.