Kaset ɗin Kaka

Ina da shekara ashirin da bakwai, da gemu, da aikin ƙidayar buhuna a tashar jirgin ruwa ta Treichville a Abijan, lokacin da kaset ya ba ni tsoro. Na faɗi shekarun ne don kada wani ya yi mini uzurin ƙuruciya.

Duk Lahadi da rana nakan shiga wani ɗakin bidiyo a Belleville, kuma ba na son kowane fim sai na fatalwa. Ni ne mai bakin gidan. In mutane suka rufe ido, sai in yi ta musu dariya ina bayani da Faransanci. Akwai wanda na kalla sau uku: wata matacciya tana magana ta cikin rakoda, duk wanda ya amsa mata, kafin mako ya bi ta. Na ce shirme ne, amma ashe ya samu wurin zama a kaina.

Kakata ta wajen uwa tana wani ƙauye kusa da Tawa. Ba ta rubutu, don haka kaset take aiko mana ta hannun direbobin tashar Adjamé. Mu kuma ba a sauraron kaset baki rufe. In ta gaishe ka sai ta dakata, ka amsa kamar tana zaune a tabarma, sannan ta ci gaba.

Labarin rasuwarta ya zo ta waya, ya riga mota. Bayan kwana tara aka aiko in je tasha. Direban ya miƙo mini kaset a ƙulle cikin tsumma, ya ce tana kwance ta ɗauka, gafarar kowa take nema. Na riƙo shi da yatsu biyu har gida, kamar mai ɗauke da garwashi.

Bayan la'asar mahaifiyata ta tara mu a tsakar gida. Na kawo dabara cewa batirin rakoda ya yi sanyi, ta nuna mini soket ɗin lantarki. Muryar ta fito a gajiye. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, tana kira tana dakatawa. Mahaifiyata ta amsa tana kuka, ƙannena mata suka amsa, har matar maƙwabci da ba a kira ba ta ce ta yafe. Ni kuwa ina lissafin wanda zai fara bin ta.

Sai ta iso kaina, da sunan wasan da take kira na tun ina yaro.

"Maigidana na Abijan, mai Hausar tsiya. Ka yahe mini?"

Kaset ya yi ta shuuu. Na san abin da ya kamata in ce, kalma biyu ce. Na san mamaci ba ya dawowa, na yi karatun allo kamar kowa. Amma na danne leɓe, ina kallon ƙasa. Mahaifiyata ta zungure ni da gwiwar hannu, na yi tari.

Har yau kunyar wannan shirun ba ta sake ni ba. Ta ba ni lokaci fiye da na kowa, don ta san Hausata ba ta sauri.

Sannan ta yi 'yar dariya, ta ce, "To, na ji ka. Na gode. Allah shi yi ma albarka."