Kek ɗin Kaka

Ƙarfe ɗaya da rabi na rana, ranar da muka gama jarrabawar ƙarshen shekara, na turo ƙofar gidanmu na ji ƙamshin kirfa da narkakken man shanu. Ban ƙarasa shiga ba. Na tsaya a zaure, jaka a hannu.

Mai karatu, sai na yi maka bayani kafin ka gane abin da ya firgita yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya a ƙamshi mai daɗi. Muna zaune a Riyadh a lokacin, shekarun da kuɗin mai suka fara juya garin. Kowane wata sai an rushe wani layi na gidajen ƙasa, motocin siminti suna wucewa zuwa unguwar Ulaya, inda Baba yake tafinta a wani kamfanin gini. Mahaifiyarsa, Kaka, ta zo aikin hajji ne tun ina goye, shi kuma ya riƙe ta a kan iƙamarsa, wato takardar izinin zama.

Kaka tana da wani kek da ta koya wajen marigayi mijinta, wanda ya yi aikin kuku a gidan Turawan kuza a Jos. Da wani ɗan itace ake yin sa, mai laushin fata da ƙwallo a ciki. A Jos a gwangwani kawai ake samunsa, amma a Riyadh yana zuwa ɗanye da rani a cikin akwatunan katako, Larabawa suna kiransa khokh. Ba a yin kek ɗin da Sallah, ba a yin sa da suna. Ni mai yawan shiru ce, mai yawan lura, kuma na daɗe da gane abin da babu wanda ya taɓa faɗa: duk ranar da Kaka ta gasa shi, wani zai bar gidan. Ta yi shi da iƙamar Kawu ta ƙare. Ta yi shi da aka tura yayana karatu Kano. Muna ci da la'asar, washegari a kai mutum filin jirgi.

Kuma na san wanda ya rage. Kwanaki kaɗan kafin nan wasu baƙi daga gida sun gaishe ni, na amsa musu da Larabci, suka yi ta dariya. Bayan tafiyarsu na ji Baba yana gaya wa Umma cewa yarinyar nan Hausarta ta kusa ƙarewa, ya kamata a duba lamarin. Da na shiga ɗaki ranar jarrabawar, na ga sabon akwati a ƙarƙashin gado, ledarsa ba a cire ba.

Na tambayi Umma ko na wane ne. Ta ce in je in cire kayan makaranta. Idonta ja ne. Baba kuwa yana gida a lokacin da bai saba dawowa ba, yana riƙe da jarida, bai ɗago ya tambaye ni jarrabawa ba. Wannan ya fi akwatin tayar mini da hankali.

Sai Kaka ta ƙwala mini kira daga kicin. “'Yar Larabawa, wanko hannunki ki zo.”

Wannan ma sabon abu ne. In tana wannan kek ɗin, ko Umma ba ta yarda ta tsaya mata a kai. Na shiga na tarar da ita a kan kujera 'yar tsuguno, fanka tana kaɗa zafi daga wannan bango zuwa wancan. Ta sa na tsoma 'ya'yan itacen a tafasasshen ruwa, na tsamo su, fatar tana saluɓewa da ɗan yatsa kawai. Na yanka su sala-sala, ruwansu yana gangaro mini har gwiwar hannu. Muka zuba sukari da kirfa da ɗan lemun tsami.

Da aka zo kan fulawa na miƙa hannu zan ɗauko kofin awo, ta doke mini hannu. Ta kama tafina ta nutsa shi cikin buhun, ta juye abin da na ɗebo a nata tafin, ta jinjina. Ta ce hannuna ƙarami ne, in riƙa ƙarawa, amma in na girma in rage. Haka ta yi da garin madara, haka ta yi da hodar da ke sa ƙullu tashi. Ta ce ƙullun kada ya kai kaurin na ƙosai, kada kuma ya yi ruwa kamar koko.

Ina damawa ina lissafin abin da zan rasa: 'yar kantar littattafaina, malamarmu ta nahawu, inuwar bayan tankin ruwa inda nake karatu. Na yi ta tunanin wata makarantar kwana da ban taɓa gani ba, inda za a riƙa dariya duk na buɗe baki. Hawaye ya ɗiga a bakin kwanon. Kaka ta gani, ta ce ba ta sa gishiri a cikin awon ba.

Ta jawo farantin da man shanu ya narke a ciki. Na zuba ƙullun a kan man, na jera khokh ɗin a sama. Na ɗauki cokali zan gauraya, ta riƙe mini wuyan hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

“Nan ne kowa yake ɓatawa. Ba a juyawa. Ki bar shi, ƙullun zai taso da kansa ya rufe su.”

Ta sa na maimaita. Sannan ta sa na faɗo mata komai daga farko, da Hausa, tana gyara ni.

Yau jikokina suna ganin irin wannan kek ɗin a waya, da ma'auni da mintoci. Unguwarmu ta zama titi, ban ma gane inda gidan yake ba da na koma Umra na biya ta garin. Hannuna ya girma, na rage awon kamar yadda ta ce. Ina gasa shi duk lokacin da suka roƙa, ba sai wani zai tafi ba. Amma har yanzu ba na iya tsayawa kusa da murhu in ya fara ƙamshi.

Ranar dai mun zauna gaban sabon murhun gas da Baba ya saya, muna kallo ta gilashi. Ƙullun ya fara kumbura, yana leƙowa ta tsakanin yankan, gefensa yana yin ja. Sai na tambaye ta.

“Kaka, gobe ne zan tafi?”

Ta juyo ta dube ni. Sai a lokacin na lura da yadda zobenta yake yawo a yatsa, da yadda tun shigowata ba ta tashi daga kujerar ba ko sau ɗaya.

“Ke da kaifin kanki?” in ji ta. “Kin taɓa ganin na koya wa Kawunki? Ko yayanki? Mai tafiya ci kawai yake yi. Ni gida nake so a kai ni, kusa da kakanki, tun ina iya hawa jirgi da ƙafata. Ke kuma kina nan, shi ya sa na kira ki. Tashi ki duba, kada ya ƙone.”