Muryar Inna a Bakin Aku

A gidanmu in ka faɗi, ba a fara da tambayar ko ka ji ciwo. Sai an gama nuna maka yadda ƙafarka ta yi sama, da irin ƙarar da ka yi, sannan wani ya tuna inda aka ajiye auduga. Inna, mahaifiyarmu, ita ta kafa wannan ɗabi'a. Baba kuma shi ne alƙali. Yana zaune a kujerarsa da jarida, in zolaya ta burge shi sai ya sauke jaridar ya ce, "Wannan ta yi." Mu uku muka taso muna farautar yabon nan. Babban yayanmu ya same shi da karatu, har ya zama injiniya. Ni, auta, na same shi da kaifin baki. Na tsakiyarmu kuwa bai taɓa samu ba sai in ya ari muryar wani.

Aku ake ce masa, har maƙwabta sun manta yana da wani suna. Tun yana ƙarami ba abin da zai wuce ta kunnensa bai fito ta bakinsa ba: tarin mai gyaran famfo, in'inar shugaban makarantarmu, har kukan ƙofar banɗaki. Karatu dai bai zauna masa ba. Da aka gaji da shi sai ya koyi gyaran kujeru, ya kama wani ɗan shago a ƙarƙashin matakalar bene, kusa da mai faci. Shagon kullum cike yake da kujerun da cikinsu ya zazzago, da tsohon soso, da sifirin masu tsatsa. Yana aiki da ƙananan ƙusoshi jere a leɓensa, yana zaro su ɗaya-ɗaya, kuma ko a haka bakin ba ya hutawa. Hannunsa ya yi kanta har ba ya jin zafin kofin shayi. Kujerar Baba ma shi yake sabunta ta duk lokacin da ta lotsa. Ranar da ya fara kawo ta da sabon yadi, ya tsaya yana jiran abin da za a ce. Baba ya zauna, ya gwada ta hagu da dama, ya ce, "To, alhamdu lillahi. Ashe akwai ɓangaren jikina da zai amfana da kai." Aka yi dariya, shi ma Aku ya yi, ya fi kowa ɗaga murya.

Muryar da ya fi iyawa ita ce ta Inna. Allah ya ba ta murya mai kauri, a dishe, in ta ɗauki waya sai a ce, "Malam, ba mu matar gidan." Aku ya iya ta har da jan numfashin da take yi kafin ta yi faɗa. Sau nawa muna yara ya kore mu daga gaban talabijin da muryar nan, muka watse, shi ya zauna.

Inna ta rasu da hantsi tana shanya, babu jinya babu sallama. Lokacin Baba ya riga ya makance, kuma mantuwa ta fara cin sa. Aka gaya masa, ya yi kuka, bayan ɗan lokaci ya tambayi ina take. Aka sake gaya masa, ya sake kuka kamar yanzu ya fara ji. Ya ƙi abinci, ya ƙi maganin hawan jininsa, ya juya fuska bango.

Falo cike da masu gaisuwa, kowa ya yi jugum. Wata maƙwabciya ta shigo da takalmi har kan darduma. Sai muka ji daga bayan ƙofa an ja numfashi an ce, "Ke, baiwar Allah, mutuwa na yi, ba makancewa ba. Fitar min da takalmin nan." Falon ya yi tsit, sannan 'yan gidanmu suka fashe. Ƙannen Inna har da riƙe ciki, hawayen kuka da na dariya suka haɗu. Baƙi suka dinga kallonmu kamar mahaukata, ni kuwa ban ga laifinmu ba, don ba mu san wata hanyar ba.

Ana cikin haka muka ji muryar Baba daga ɗakinsa.

"Ke! Kin dawo?"

Dariyar ta tsaya. Aku ya dubi Injiniya, Injiniya ya yi masa alama da hannu ya amsa. Aku ya ja numfashi ya ce da muryar Inna, "Ina na je da zan dawo? Malam, an ce ka ƙi cin abinci. Yunwa za ka kashe kanka da ita a ce ni ce?"

Ranar Baba ya cinye abincinsa tas, ya sha magani, ya yi barci.

Aka ce na kwana biyu ne, kafin hankalinsa ya kwanta. Injiniya ne ya faɗa, yana saka jaka a mota zai koma garin da yake aiki. Ni ina da aikina a kantin magani da 'ya'yana, sai da yamma nake leƙowa. Kwana biyun nan sai da suka kusa cinye shekara biyu. Aku ya rufe shago, ya kwaso guduma da almakashinsa ya dawo da su barandar gida, inda zai ji in an kira. Masu kawo aiki suka ragu, don ba kowa ke son jiran mutumin da zai ajiye kujera rabi a buɗe ya ruga ciki ba. Ya nemo silifas ɗin Inna, ƙafarsa ta yi musu yawa, dunduniya a waje, yana jan su a ƙasa yadda take yi. Shi ke yi wa Baba wanka, shi ke canja zanen gado, shi ke ɗaga shi zuwa banɗaki, duk da bakin Inna yana mita. Baba ya taɓa kama hannunsa ya ce, "Hannunki ya yi kaushi." Ya ce, "Wankin kayanka ne, da me kake so ya yi, laushi?"

Da farko Aku yakan shiga da muryarsa ma, ya gaishe da Baba. Amma in ya miƙa magani a matsayin Aku, Baba sai ya kawar da kai ya ce, "Kai za ka ba ni magani? Ka ba ni ƙusa na haɗiya? Kira uwarka." In kuma muryoyin biyu suka fito daga wuri ɗaya, tsohon ya rikice ya kama lalube yana tambayar wa ke nan. A hankali Aku ya daina shiga da kansa, sai dai Inna ta shiga.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne hirarsu ta la'asar. Baba ya saba in rana ta yi sanyi su zauna da Inna su yi gulmar 'ya'yansu, to bai fasa ba. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji yana cewa, "Babban dai ya fita kunyarmu. Autar nan bakinta kamar reza, amma tana da zuciya. Wannan Akun naki kuwa, ban da kwaikwayo me ya iya?"

Aku yana zaune a bakin gado yana yanke masa farce. Bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Nawa? Ai naka ne. Ranar da aka haife shi ma kukan jaririn gadon kusa ya ara."

Baba ya yi dariya har da tari.

Na ja shi baranda na ce, "Yaya, kai wane irin mutum ne? Bakin a hannunka yake. Ka sa ta ta faɗi alheri ɗaya a kanka mana."

Ya ɗauki ƙusoshi ya jera a leɓe, ya yi magana ta gefen baki. "Inna ba ta taɓa faɗa ba. In na faɗa zai gane ba ita ba ce."

Gaskiya ya faɗa. Inna tana son sa, na rantse tana son sa, ita ke ɓoye masa nama a ƙasan kwano. Amma a bakinta bai taɓa wuce abin dariya ba.

Duk da haka maganata ta shige shi. Bayan 'yan kwanaki ina wajen ya gwada. Baba ya sake ɗauko zancen, sai Aku ya ja numfashi ya ce a hankali, "Malam, ka dinga sassauta wa yaron nan. Duk cikinsu ba wanda ya kai shi tausayinka." Baba ya karkata kai kamar mai auna magana. Sai ya bushe da dariya, ya bugi katifa ya ce, "Wannan ta yi! Kai, kin daɗe ba ki yi irin wannan ba." Aku ya taya shi da dariyar Inna, mai kama da tari, har ya gama. Bai sake gwadawa ba.

Injiniya in ya kira waya yakan ce a ba shi Inna su gaisa, ya yi ta ƙyaƙyatawa, ya ce wallahi Aku ka ɓata baiwarka. Bai taɓa tambayar yaushe rabon Aku da ya je kabarinta ba. Ni na tambaya. Ya ce, "In je in ce mata me? Kullum muna tare."

Jikin Baba ya yi ta ja baya har ya daina tashi. Wata rana da azahar ina shafa masa mai a ƙafa, Aku yana ba shi ruwa da cokali, sai ya ce, "Ke, kira min Aku."

Cokalin ya tsaya. Tun da aka fara wannan abu Baba bai taɓa neman sa ba. Aku ya ce da muryar Inna, "Me zai yi maka?"

"Kira shi dai. Ina da magana da shi."

Ya ja silifas ya fita. Ta ƙofa ina hango shi a baranda. Ya cire silifas ɗin ya jera su a gefe, ya wanke fuska a famfo, ya kakkaɓe zaren da ya manne a rigarsa, har da gyara wuyan riga, don mutumin da ba ya gani. Ya yi gyaran murya sau da yawa, kamar mai neman inda ya ajiye tasa. Sannan ya yi sallama ya shigo ya durƙusa.

"Baba, ga ni."

Baba ya miƙo hannu yana lalube. Aku ya fara miƙa nasa, sai ya tuna, ya mayar da hannuwan biyu bayansa. Tsohon ya san kaushin nan, ya san na Inna ne. Hannun Baba ya yi ta yawo a iska har ya gaji ya sauka a kan bargo.

"Ashe kana gari," in ji Baba. Muryarsa a sanyaye, babu wasa a cikinta. "Yaushe rabonka da gidan nan? Uwarka da tsufanta ita ke ɗaga ni, ita ke wanke ni. Kai ko leƙe. Ban taɓa neman komai a wurinka ba, amma ban zaci za ka yar da mu haka ba."

Na buɗe baki, wallahi na yi niyyar fasa komai. Aku ya dube ni ya girgiza kai.

"Ka yi haƙuri, Baba," ya ce. "Aiki ne ya yi min yawa."

"Aiki," in ji Baba. "Tashi ka je. Turo min ita."

Ya tashi ya fita, ya saka silifas, ya dawo. Washegari da safe Baba ya cika, kansa a kan cinyar Aku, yana kiran sa da sunan Inna.

Falo ya sake cika. Injiniya ya iso da jajayen idanu, ƙannen Inna suka jeru a kan kujerun da Aku ya yi wa yadi. Da baƙi suka ragu, aka rage mu 'yan gida, sai aka fara abin da aka saba. Aka tuna yadda Baba ke kashe fitila mutum yana tsakiyar wanka. Injiniya ya share hawaye ya ce, "Aku, kai ka yi zaman ƙarshe da shi. Me tsohon ya ce?"

Na ce a raina yau dai zai yi shiru. Ina! Ya miƙe tsakiyar falo ya yi musu duka. Ya yi Baba yana lalube, ya yi kansa yana ɓoye hannu a baya kamar yaron da ya saci sukari, ya yi "Ashe kana gari" da muryar tsohon har tsigar jikina ta tashi. Sannan ya buɗe hannuwa ya ce da tasa muryar, "To ku gaya min, wa zan kai wa ƙara? Ni ce uwar tawa!"

Falon ya ɗauka da dariya. Injiniya ya zame daga kujera yana bugun ƙasa, wata gwaggonmu tana cewa a ba ta ruwa za ta shiɗe. Aku yana tsaye yana bin fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya, yana karɓar abinsa, har ya iso kaina. Ni ban yi dariya ba. Haushi ya cika ni, nasu da na iyayenmu da ke kwance, har da nasa.

Fuskarsa ta canja. Ya matso kusa da ni, ya rage murya yadda ba mai ji sai ni.

"Auta, ke kuma fa? Ban iya ba ne?"

Idonsa ya cika taf, yana jira. Ba shi da wani abin da za a biya shi da shi, kuma ya sani. Sai na buɗe baki na yi masa dariyar.