Inda Inna Take Kallo

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take cewa, idonta a kan tukunya. Al'ada ce, kowa ya sani, amma sanin bai hana ni jin haushi ba. Na girma ina tambayar kaina ko akwai so a ƙarƙashin kunyar nan, ko kuwa kunyar ce kawai. Ta rasu a garin Isa shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu na yankin Kurawa. Ban samu amsa ba, kuma ko hotonta ba mu da shi.

Akwai wani tsohon littafin yara da muka karanta a firamare, labarin yarinyar da ta bi sawun maraƙinta da ya ɓace. Ina 'yar makaranta masu shirya fim ɗinsa suka zo garinmu da rani, suna neman rijiya mai shanu. Suka tara mata su riƙa jan ruwa a bayan jarumar, mu yara kuwa aka kora mu gindin wata aduwa. Fim ya fito a kaset, amma gidan kallo ba wurin 'ya'ya mata ba ne, ban taɓa ganinsa ba.

Bayan rasuwar ina kukan rashin hoto, sai Goggo ta ce, "Ɗiyata, ai uwakki na cikin wanga fim na rijiya."

Na bi masu tura fim a waya na Isa kaf. Kowa sai ya ɗora mini sabon da aka sake yi a birni: yarinya da jan baki, maraƙi ɓul-ɓul kamar bai san rani ba, ga rawa ba gaira ba dalili. Saura kaɗan in yi jifa da wayar. A Sabon Birni ne wani dattijo mai gyaran talabijin ya tono tsohon kaset ɗin a ƙasan kwali, ya kunna mini a shagonsa da hantsi.

Hoton yana rawa, launinsa ya koɗe. Sai ga rijiyarmu, wadda yau ba mai iya zuwa bakinta, ga matan garinmu suna dariya, da yawansu ƙasa ta rufe musu ido. Can na hango Inna da guga a hannu, ƙanwata a goye. Duk matan satar kallon jarumar suke yi. Ita kaɗai ta juya kai hagu, tana kallon wani abu da hoton bai ɗauko ba. Igiyar ta tsaya a hannunta, ta daɗe a haka, fuskarta a sake yadda ban taɓa gani ba.

"Mi waccan taka kallo haka?" in ji dattijon.

Hagu da rijiyar babu komai sai aduwar, kuma cikin yaran da ke gindinta ni kaɗai ce tata.

Na roƙe shi ya maimaita wurin, na ɗauka da wayata. Ba na yawan kunnawa, tsoro nake ji. In na kunna nakan karkata wayar yadda idonta zai sauka a kaina, kuma har yau ban taɓa kai ƙarshe ba. Ni ce nake sunkuyar da kai.