Baba Fisiyo da Hannuwan da Ba Su Je Hutu Ba

Duk shekara, washegarin tseren ƙarshe, filin wasanni yakan yi tsit kamar gidan da aka tashi. Koci ya rataye usur ɗinsa, mai shara ya kwashe robobin ruwa, 'yan gudu kowa ya kama gabansa da murnar an shiga hutu. Ƙofa ɗaya ce take buɗewa da sassafe, 'yar ƙaramar nan ta ƙarƙashin kujerun 'yan kallo. Nan ne ɗakin Baba Fisiyo, likitan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi na ƙungiyar 'yan gudu. Zai goge gadon aikinsa mai yagaggiyar fata, ya rataye robobin da ake ja don motsa jiki a ƙusa, ya cika bokiti da ƙanƙara, sannan ya zauna jiran takalma.

Dokarsa ce, duk wanda ya gama kakar gudu sai ya kawo tsohon takalminsa kafin ya tafi hutu. Baba ba ya tambayar mutum inda yake masa ciwo, don ya san ɗan gudu wajen ɓoye ciwo ba a kai shi. Takalmin yake kifewa ya dubi inda ya cinye. Idan gefe ɗaya ya fi lalacewa, ya san ƙugu ne ya yi rauni. Idan dunduniya ɗaya ta fi 'yar uwarta cinyewa, ya san akwai ƙafar da ake lallaɓawa. Sai ya ɗago kai ya ce, "Gasa ce ta tafi hutu, ba ƙafarka ba. Gobe ka dawo. Ba a fafe gora ranar tafiya."

A ganinsa, lokacin gasa liƙe-liƙe kawai ake yi, a ɗaure nan, a shafa can, a koma fili. A hutu ne jiki yake samun sukunin gyaruwa na gaskiya. A nan yake murza jijiyar da ta ɗaure har ta saki, ya ƙarfafa ƙafar da ba ta kai ɗayar ƙarfi ba, ya sa ƙato ya tsaya da ƙafa ɗaya ido rufe yana tangaɗi, abokansa suna dariya. Ƙaramin tsagi yake nema ya toshe tun ƙadangare bai samu wurin shiga ba. Matsalar irin wannan aiki ita ce ba ya barin shaida. Ba a ba da kofi don gwiwar da ba ta goce ba, kuma babu mai tafa wa jijiyar da ba ta tsinke ba.

Matarsa ce ta fara lura da hannuwansa. Kofin shayi ya soma suɓuce masa, makullin ƙofa ya soma gagararsa. Da ta matsa ya je asibiti, likitan ƙashi bai ɓoye masa komai ba. Gaɓoɓin manyan yatsunsa sun cinye saboda shekarun danna jikin mutane. Ko dai ya ɗaure su ya huta wannan hutun gaba ɗaya, ko kuma ya rasa amfaninsu. Baba ya san gaskiya aka faɗa masa, don shi ma kalmomin da yake faɗa wa wasu ke nan. Amma wanzami ba ya son jarfa. A hanyar gida ya sayi takalmi marar igiya, saboda ɗaurin igiya ya fara sa shi gumi. Washegari 'yan gudu suka yi ta tsokanarsa, wai Baba ya zama ɗan gayu da tsufa.

A makon nan ne Zomo ya kawo nasa takalmin. Zomo shi ne gwanin dogon zango na ƙungiyar, shekaru sun fara kama shi, kuma kakar da ke tafe ita ce damarsa ta ƙarshe a babban tsere. Baba ya kife takalmin hagu ya duba, sannan ya kama bayan dunduniyar Zomo ya matsa kaɗan. Zomo ya ciji leɓe.

"Tun yaushe?" in ji Baba.

"Ɗan tsami ne kawai, Baba. In na kwanta na huta zai wuce."

"Agararka ce ta kumbura. In ka kwanta za ta yi maka shiru, ranar da ka taka da ƙarfi ta tsinke. Gobe da safe ina jiranka."

Da Baba ya koma gida matarsa ta karanta fuskarsa tun daga ƙofa.

"Malam, kai da kake cewa mutane su kula da jikinsu a hutu, naka hutun yaushe ne?"

"Bari yaron nan ya tsaya da ƙafarsa, sai in huta."

"Haka ka ce bara, haka ka ce bara waccan. Yaran nan ba sa ƙarewa, hannu kuwa biyu ne."

Tsoro yana ransa, amma da ya rufe ido agarar Zomo yake gani.

Haka aka cinye hutun. Kullum Zomo yana tsaye a bakin matakala, ya ɗaga dunduniya ya sauke a hankali, Baba yana gyara masa tsayuwa. Daga nan sai gado, sai murza. Da babban yatsa ya gaza, Baba ya koma dunƙulen hannu. Da wannan ma ya gaza, ya koma gwiwar hannu.

"Baba, yau kuma da gwiwar hannu? Laifin me na yi?"

"Sabon salo ne. Yi mini shiru."

Aka yi dariya, aka wuce wurin. Mai shara ne kaɗai ya ba da shaida daga baya, cewa idan kowa ya watse yakan tarar da Baba zaune, hannuwansa biyu cikin bokitin ƙanƙarar da aka tanada don ƙafafun wasu.

Agarar ta riƙe. Zomo ya yi tserensa, ya zo na ɗaya, aka ɗaga shi sama, aka yi hoto da Koci da shugabannin ƙungiya. Baba ba ya cikin hoton. Yana ɗakinsa, yana roƙon mai shara ya buɗe masa murfin man zafi.

Baba Fisiyo, kai ne gatan masu gudu a watannin da babu mai kallo. Kai ne ka mayar da hutu lokacin gyara, har yara da dama suka tsufa da gwiwoyinsu lafiya ba su san wanda ya kare musu su ba. Abin baƙin ciki, ka koya wa 'yan ƙungiya kaf karanta takalmi, amma da naka ya canza, dariya aka yi.

Yanzu Baba ya ajiye aiki, ba don ya so ba. Asibiti sun ce an makara. Yatsun ba sa rufuwa, matarsa ce take saka masa maɓallin riga. Da labari ya kai wa Zomo, ya zo gidan da kofinsa a hannu. A bakin ƙofar ɗaki ya ga tsohon takalmin Baba mai igiya, ƙura ta lulluɓe shi, a gefensa ga marar igiyar nan da suka yi wa dariya. Ya daɗe a tsaye yana kallonsu. Da ya shiga ya ajiye kofin a ƙasa, ya durƙusa, ya kama hannuwan nan biyu.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa mana ba?"

"Kai ka faɗa mini naka? Takalminka ne ya faɗa." Ya yi murmushi. "Nawa ma ya faɗa, mai dubawa ne babu."

Zomo ya gyara durƙuso. Ya fara murza yatsun a hankali, yadda aka yi wa agararsa, ko da yake su biyun sun san da-na-sani ƙeya ce.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya sassauta maka zafin hannuwan nan. Ku kuma 'yan gudu, idan an shiga hutu kada ku ɗauka jiki ya gama magana, ku kai takalmanku a duba, ku yi gyara tun ciwo yana ƙarami. In kun kwanta a gadon aiki ana murza muku ƙafa, ku ɗan leƙa ƙasa ku dubi takalmin mai murzawar.