Abdulmumini Mai Kwance Ƙunshi

Kullum in Malam Abdulmumini ya dawo daga ban ruwan tumatirinsa a Watari, sai ya wanke ƙafa, ya buɗe ɗan shagonsa na bakin tashar Bagwai, ya goge kwamfuta da hularsa. Ni ƙosai nake soyawa a gabansa, don haka ba abin da ke wuce ni. Yanzu ido ya fara ba shi wahala, ya ce bayan Sallah zai ajiye aikin. Na ce to, sai na tona masa asiri tukuna.

Aikinsa kwance ƙunshi ne, amma ba na goro ba. Akwai wani ɗauri da 'yan boko ke yi wa hotuna da muryoyi, su matse su wuri guda don sauƙin aikawa, wai zif. In ya shigo wayarka, ka yi ta dannawa, ya yi maka kunnen ƙashi. Shi Malam baƙin allo yake buɗewa a kwamfuta, ya rubuta layi ɗaya da yatsu biyu, sai kaya su zubo.

Bara ƙawata Hure ta zo masa ido jajir. Ɗanta Kamaruddeen, da ke aiki a Fatakwal, ya turo mata muryar marigayi mijinta Yahya yana waƙar gayya a gona. Ita ke nan muryarsa da ta rage, kuma kwamfutar ɗan ta ƙone bayan nan. Saboda nauyi, gida uku ya raba ƙunshin. Hure kuwa da ta ga uku, sai ta yi rabon suna: ɗaya nata, ɗaya na 'yarta Ramlat a Ungogo, ɗaya nawa. Har ta sa aka goge namu daga wayarta, wai ba a kyauta a riƙe.

"Inna Hure," in ji Malam, "tuwo kika riƙe, kika ba da miya da cokali. Sai sun haɗu."

"Na shiga uku! Nata fa?" Ta nuna ni. "Wayar wannan ai hotunan bikin mutane sun cika ta."

"Ke dai ki ji da kanki," na ce, na shiga duba wayata. Allah Ya rufa asiri, nawa yana nan.

Washegari Ramlat ta zo. Malam ya tara ukun wuri ɗaya, ya fara gwada lafiyarsu, sannan ya rubuta layinsa. Sai ga muryar Yahya, da kakinsa da komai, yana ba da waƙa ana amsawa. Can ya tsaya ya ɗaga murya: "Hure! Ina furar nan?"

"Ga ta nan zuwa, Maigida," in ji Hure, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ƙosaina ya ƙone ranar.

Kai ne, Abdulmumini, ka shekara da shekaru kana kwance ƙunshin jama'a, amma ko sau ɗaya ba ka ɗanɗana min abin da ke ciki ba. Har ƙosai na yi maka gyara, a banza. Na yafe.

Mun gode, Allah Ya ƙara wa idon nan haske. Ku kuma matasa, ku je ku zauna kusa da shi kafin Sallah. Ku koyi layin nan, ku koyi kama baki. Na biyun ni dai ya fi ƙarfina.