Ɗakin da Ke Kallon Kabarin Aduke

Har yau in aka ambaci Baba Lamidi Oyekale a unguwarsu ta Ife, rigimar ganda ake fara tunawa. Ya shiga rumfar Iya Sikira mai amala, aka zuba masa miya, aka ɗora yanka ɗaya a kai. Ya ɗaga yankan sama, ya kanne ido, ya ce wallahi yana hango mai babur a tsallaken titi ta cikinsa. Iya Sikira ko waiwaye ba ta yi ba, ta ce ya gode Allah ya samu tabarau kyauta. Ya ce shekara talatin yana ci a rumfar nan, tun tana goyon Sikira, yanzu don 'yan jami'a sun cika gari sai a yanka masa farashinsu?

"Baba, mahauci bai tambaye ni wa zai ci ba."

"A garin nan fa aka binne cibiyata."

"To je ka tono ta, in jefa maka a miya."

Ɗaliban da ke kan benci suka yi dariya har ɗaya ya ƙware. Baba ya miƙe a fusace, ya kai bakin ƙofa, ya tuna ya riga ya biya, ya dawo ya cinye abinsa tas.

Sana'arsa ɗinkin littafi. Duk ɗalibin da ya gama rubutun kammala karatu, wurinsa yake kaiwa, ya ɗinke da zare, ya sa baƙin bango, ya buga suna da ruwan zinariya. Ya ɗinka wa likitoci da lauyoyi, shi da bai wuce aji uku ba. A zamaninsa har da yaran shago. Daga baya masu inji suka buɗe shaguna a bakin makaranta, suna gama na mutum goma kafin Baba ya zura zare a allura. Mai shagonsa ya ninka haya, ya ba mai sayar da kayan waya. Baba ya kwaso allura da tukunyar gam ya dawo gida.

Garin nan kuwa da makaranta yake numfashi. In ɗalibai suka dawo hutu, tumatir ya hau, kananzir ya hau, mai babur ya daina gane fuskar ɗan gari. In malamai suka shiga yajin aiki, gari ya mutu, ciniki ya mutu, amma farashi yana nan inda aka bar shi, yana jiran su dawo ya ɗora daga nan.

Abu ɗaya tsada ba ta taɓa masa ba, ɗakinsa a gidan gado. Tsohon gida ne na laka, kwano ya yi ja da tsatsa, ɗakuna takwas. 'Yan'uwa sun fice ɗaya bayan ɗaya sun zuba ɗalibai, huɗu huɗu a ɗaki. Shi kaɗai ya rage. A ƙofar gidan, daidai tagarsa, kabarin matarsa Aduke yake, ya shafe shi da farin tayil da kuɗin shekararsa ta ƙarshe mai kyau. Kullum da safe ya share, ya zauna a gefe ya ba ta labarin kasuwa. Da ranta Aduke ba ta taɓa barinsa ya kai ƙarshen magana ba, yanzu ne yake fanshewa. Da rana ɗalibai ke zama a wurin, wai nan waya ta fi kamawa. Ya kore su har ya gaji, ya koma roƙonsu su dai daina shanya wando a kanta.

Ranar da Kolapo, ɗan wansa, ya zo gaisuwa ya kwanta rubda-ciki ya daɗe bai tashi ba, Baba ya san babu lafiya. Yaron da ke gaishe shi daga kan babur. Kolapo ya zo ne da wani mai kwangila, mai tumbi da wayoyi biyu. Za a rushe gidan, a yi bene mai ɗaki ashirin da huɗu na ɗalibai, mutumin ya ci haya shekara ashirin, sannan ya mayar wa dangi. Kafin nan kowane magaji zai karɓi abin sawa a aljihu. Baba na da shekara saba'in da huɗu a duniya. Ya ce madalla, sai a ajiye masa makulli.

An kira taron dangi ranar Lahadi a tsakar gidan. Kada a ce mugaye ne. Wannan ɗanta aka koro daga makaranta, wancan garin rogo ya gagare shi, shi kansa Kolapo a bayan gari yake haya, don cikin garin ubansa ya fi ƙarfinsa. Magada bakwai, shida sun riga sun dangwala yatsa, kuma lauya ya ce na bakwai ko babu shi aiki zai tafi. Bulo ma tun Juma'a aka sauke shi a bakin hanya. An samar wa Baba ɗaki a ƙauyen gonarsu, inda kuɗin motar zuwa da dawowa abincin kwana biyu ne. Ya san in ya tafi, sai dai ya ga Aduke daga Sallah sai Sallah.

Ya roƙi a bar masa ɗaki ɗaya a sabon ginin, ko na ƙarƙashin matakala ne. Mai kwangila ya ce kowane ɗaki da lissafinsa, amma Baba na iya kamawa kamar kowa, shekara guda a dunƙule, ban da kuɗin dillali. Da ya faɗi adadin, wata gwaggo ta sunkuyar da kai tana gyara ɗaurin zane. Aka yi ta ja, wasu na lallashi, wasu na cewa tsufa ne ke damunsa. Kolapo ya matso ya rage murya.

"Baba, kabarin Mama ba wanda zai taɓa. Yana cikin takarda. Tankin ruwa kawai za a kafa a gefensa. Ka ga ita ba inda za ta."

Baba ya leƙa ta ƙofa ya kalli farin tayil ɗin. Sannan ya juyo ga mai tumbi.

"Ita nawa za ta biya a shekara?"

Mutumin ya yi yaƙe, ya ce haba Baba, ai mamaci ba ya biyan haya.

"To ka matsar da tankinka, ka bar mini ƙafa shida kusa da ita. Wannan ɗakin kam zan iya kamawa. Ku dai yi shiru da maganar, kada 'yan makaranta su ji akwai wuri su riga ni."